Mai Jar Hula da Kifi Ya Haɗiye

Yayana ya nutse a dam ɗin Goronyo a ƙarshen wata damina, lokacin da ruwa ya cika har ya shanye hanyoyin da muka saba bi da ƙafa. Ya samu fili a wurin noman rani, shi ne ya tafi ƙetare sayen dashen albasa, don yana son ya riga kowa dasawa. A hanyar dawowa iska ta taso, kwalekwalen kuma ya yi nauyi, ya kife. Masunta sun ceto wasu da rai, sun tsamo gawar wasu. Shi ba a gan shi ba. Wani dattijo da ya tsira ya shaida wa Baba cewa ya ga kan Yaya ya ɓullo can nesa, sannan ruwa ya rufe shi. An yi ta nema har masuntan da kansu suka zo zaure suka ce sai haƙuri.

Baba malami ne, jikan malamai. Ya tara mutane aka yi addu'a, ya ce wa matar Yaya ta shiga takaba. Inna ba ta yi gardama ba, ba ta kuma yi kuka gaban kowa ba. Yaya ɗan farinta ne, tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "yaron ga" ko "wancan". Alkunyar da ta hana ta kiran sunansa yana raye ita ta hana ta kuka da aka ce ya mutu. Ta zauna bisa tabarma ta karɓi gaisuwa, tana amsawa da "an gode". Abu ɗaya kawai ya canza a gidanmu: ta hana a sake shigo da kifin dam. Ba ta faɗi dalili ba, ba wanda ya tambaye ta.

Ni a lokacin na gama kwalejin horon malamai, ina koyarwa a wata firamare cikin gari, ban yi aure ba. Katanga ɗaya ta raba mu da wata ma'aikaciyar jinya, Kirista ce daga wajen Filato, kowa Sista yake ce mata. Mijinta yana koyar da kimiyya a sakandare, shi kuma ana ce masa Ticha. Akwai wata 'yar ƙofa a jikin katangar da mata suke bi. Ta nan Sista take shigowa da yamma ta auna jinin Inna, ta nan tuwonmu yake tafiya ranar salla, shinkafarsu take zuwa ranar Kirsimeti. Su kaɗai suke da bidiyo da ƙaramin janareta a layinmu.

Sista ce ta ce da ni jinin Inna yana hawa, kuma magani kaɗai ba zai sauke shi ba. Ta ce in lallaɓo ta ranar Asabar bayan azahar mu yi kallo, ko hankalinta ya ɗan bar wuri ɗaya. Ta aika shagon haya aka karɓo kaset na wasan barkwanci. Da ƙyar Inna ta yarda. Matar Yaya tana cikin takaba, ita ba fita, sai muka bar ta da 'yarta a gida.

Mun zauna a falon Sista mu da wasu maƙwabta mata. Ticha ya tayar da janareta ya zauna bisa kujera a bakin ƙofa. Da aka sa kaset ɗin, sai ga ruwa ya cika talabijin, shuɗi, ba iyaka. Ashe masu shagon sun musanya kwali, fim ɗin Turawa ne a ciki. Sista ta zabura za ta kashe.

Inna ta ce, "Bar shi, ɗiyata. Ruwa na, na san ruwa."

Sista ta dube ni, na dube ta. Ba wanda ya iya musa wa Inna.

Labarin wani gari ne a bakin teku, da wani ƙaton kifi mai cin mutane. Ba ma jin Turancinsu sosai, ni ma da na yi makaranta sai tsinta-tsinta, amma ba a buƙatar fassara. Tun farko-farko aka nuna wani mutum mai jar hula da riga mai ratsi-ratsi yana zaune cikin ƙaramin jirgi yana jefa ƙugiya. Kifin ya bugi jirgin daga ƙasa, mutumin ya faɗa ruwa, ya ɗaga hannu yana ihu, aka ja shi ƙasa. Ruwan ya yi ja, hular ta taso ita kaɗai. Matan falon suka ɗauki salati. Na saci kallon Inna, na ga ta dafe tabarma da hannu biyu, idonta bai ƙifta ba.

Ta tambaya, "Wanga wane irin kihi na?"

Ticha ya ce, "Shak sunansa, Inna. A ruwan gishiri yake zama, babu shi a ruwanmu na nan."

Na san ya ga abin da na gani a fuskarta. Ya taɓa kallon fim ɗin, kuma mutum ne mai son raha, sai ya ɗauki hanyar da ya ga za ta rage wa abin nauyi: ya shiga tona asirin masu fim ɗin. Da kifin ya ɓullo yana ruri kamar zaki, Ticha ya yi dariya ya ce ƙarya ce, wannan kifin ba shi da abin yin murya a maƙogwaro, ko an yanka shi ba zai ce uffan ba. Da kifin ya cusa kai cikin jirgi ya ja da baya, ya ce wannan ma ƙarya ce, irinsa gaba kawai yake yi, sai dai ya kewayo. Ya nuna mana matuƙin jirgi da ya faɗa ruwa tsamo-tsamo, aka juya aka dawo sai ga rigarsa a bushe har da karin guga. Ya nuna wata mata da aka ɗaure wa ciwo a hannun hagu, can gaba ɗaurin ya koma dama. A wani wurin rana tana tsaka bisa kan mutane, mai magana ya waiwaya kawai sai ga ta tana faɗuwa. Shi kansa kifin, wani lokaci ya kai mota tsawo, wani lokaci bai fi jaki ba.

Dabarar ta ci. Matan suka fara dariya, har suna rige-rigen gano nasu kuskuren. Wata ta ce kofin da ke hannun wancan ɗazu rabi ne, yanzu ya cika. Inna ma ta saki tabarmar. Na ji daɗi, na ce a raina Allah ya saka wa mutumin nan.

Wajen ƙarshe aka nuna jama'ar garin sun taru a bakin teku suna jiran waɗanda suka tafi farautar kifin. Ticha ya taso da sauri ya danna maɓalli, hoton ya tsaya.

Ya ce, "To ga babbar ƙaryar. Ku dubi bayan matar nan mai lema. Wa kuka gani?"

Mai jar hula ne. Hular ce, rigar ce mai ratsi-ratsi, fuskar ce. Yana tsaye cikin mutane ya sa hannu a goshi yana hangen teku, ba ko ƙwarzane a jikinsa.

Falon ya ɗauki dariya. Ticha yana bayani cewa mutanen da ake cika wuri da su ba su da yawa, shi ya sa aka sake sa shi, mai haɗa fim ɗin bai lura ba. Inna ba ta yi dariya ba. Ta matsa gaba bisa gwiwoyinta har fuskarta ta kusa taɓa gilashin.

Ta ce, "Maida shi baya in gani."

Ticha ya mayar da kaset ɗin har wurin da kifin ya ja mutumin. Ta kalla. Ta ce a kai ta wurin taron. Ya kai ta. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce a hankali, "Ashe bai mutu ba."

Dariyar ta ɗauke. Sista ta tashi ta kashe talabijin ɗin, ta ce janareta ya yi zafi.

Da muka koma gida na zauna kusa da Inna na yi mata bayani irin na malamar makaranta. Na ce ana ɗaukar fim gutsure-gutsure ne, yau nan gobe can, sannan a ɗinke. Na ce jinin ma ba jini ba ne, kala ce. Ta bari na gama.

Ta ce, "Ke, ba hauka nikai ba. Na san wasa na. Amma mutanen cikin akwatin ga dut sun ga kihi ya ja shi, sun yi ta kuka. Ku ma kun gani, kunka yi salati. Ashe idonku na yay yi maku ƙarya. To tsohon da yac ce ya ga kan yaron ga ya nutse, cikin iska, shi ma shina neman ransa, idonai ya hi naku?"

Har yau ban tabbata tambayar nan tana da amsa ba.

Bayan kwanaki ta bi ta 'yar ƙofa ita kaɗai ta roƙi Sista a sake sa mata. Ba fim ɗin take so ba, wurare biyun nan kawai. Sista ta kasa hana ta. Ta sake komawa, ta kuma sake. Ticha ya riƙe kaset ɗin bai mayar shago ba, don yana tsoron abin da zai faru idan ta zo ba ta same shi ba, yana kuma tsoron abin da ke faruwa idan ta same shi. Saboda yawan mayarwa, zaren ya fara lalacewa daidai wurin taron, farin layi yana ratsa fuskar mai jar hula. Inna ta ce a goge gilashin. Sista ta same ni a makaranta idonta ya yi ja, ta ce, "Me zan yi? Jininta ya sauka, wallahi ya sauka. Tana cin abinci. Amma wannan ba lafiya ba ce."

Gaskiya ta faɗa. Inna ta fara cin abinci, ta fara hira. Ta sa aka share ɗakin Yaya, ta wanke rigunansa ta ninke. Sannan ta fara zuwa kasuwa, ita da ta yi shekaru sai dai ta aika. Takan ce daddawa za ta sayo, ko kuka, ta dawo da yamma hannu wofi, ƙafafu sun kumbura. Wata maƙwabciya ta ce ta gan ta tsaye wurin da motocin albasa suke lodi, tana bin fuskokin maza da kallo.

Da maganar ta kai kunnen Baba, ya shigo cikin gida bayan la'asar ya tsaya bakin ɗakinta. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

Ya ce, "Wasan Turawa za shi koya muna mutuwa? Allah ya ba mu, ya karɓi abinai. Ki ji tsoron Allah ki yi haƙuri."

Ta ce, "Malam, ka wanke shi?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Ka sa shi ƙasa da hannunka? Nuna mani kushewatai in tahi in yi mai addu'a, in dawo in yi haƙuri."

Baba ya tsaya yana jan tasbaha, sannan ya juya ya fita. Na bi shi da buta zuwa zaure, na tarar ya zauna ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Na ajiye butar na dawo.

Washegari Ticha ya zo zaure ya durƙusa. Ina jin su ta bayan asabari. Ya ce shi ya jawo, da ya yi shiru da bakinsa da ba a kai nan ba. Baba ya ce masa ya tashi, alheri ya nufa, kuma abin da ke cikin tulu shi ke fita ko wa ya karkata shi. Baba ya roƙe shi abu ɗaya, ya mayar da kaset ɗin shago. Aka mayar. Da Inna ta je aka gaya mata, ba ta yi fushi ba. Ta ce ba komai, ta riga ta gani.

Ana cikin haka takabar matar Yaya ta ƙare. Danginta suka zo daga Wurno don su tafi da ita, kamar yadda aka saba. Inna ta tarbe su da fura da goro, ta ce su gaida gida, amma yarinya ba ta zuwa ko'ina, aurenta bai mutu ba. Suka dubi juna. Saboda girman Baba suka ce za su dawo.

Matar Yaya yarinya ce mai kawaici, kusan sa'ata. Tana son Inna, Inna tana sonta. Wata rana muna tsince shinkafa a tsakar gida, 'yarta tana barci a bayanta, ta ce da ni ba tare da ta ɗago kai ba, "Ni yanzu mi ni? Ba matar aure ba, ba bazawara ba. In na sa lalle, a ce na manta da shi. In ban sa ba, Inna ta ce in gyara jikina kada shi dawo shi ishe ni haka." Ta cire wata tsakuwa ta jefar. "Na yi mai kuka na gama. Yanzu ko sallama anka yi a zaure sai gabana ya hwaɗi. Inna ta sa ni ma na hwara jira."

Ban gaya mata ba, amma ni ma haka ne.

Na tabbatar da hakan a Rabah. Gwaggona tana aure can, Inna ta ce za ta je gaishe ta, Baba ya ce in raka ta. Na san ba don Gwaggo za ta ba, don ta zaɓi ranar kasuwa. Muna ratsawa ta wajen masu tafarnuwa sai ta tsaya cak. Wani mutum ne a gabanmu ya ba mu baya, dogo, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka, yana tafiya yana jefa ƙafa. Tafiyar Yaya ce sak. Ni da na yi mata bayanin yadda ake ɗinka fim, sai ga ni ni ma na ɗauka shi ne. Inna ta saki hannuna ta kutsa cikin mutane, mayafinta yana ja a ƙasa. Ta cim masa ta kama hannun rigarsa.

Ta ce, "Ɗana."

Ban taɓa jin kalmar daga bakinta a kansa ba.

Mutumin ya waiwayo. Ya girmi Yaya, yana da tsagar fuska da gemu mai furfura. Ya dube ta, ya dube ni, na ga ya gane. Bai fizge rigarsa ba. Ya durƙusa nan cikin ɓawon tafarnuwa ya ce, "Na'am, Inna. Ina wuni?" Ta riƙe rigar tana dubansa. Mutane suka fara taruwa. Na ce masa ya yi haƙuri, kama ce. Ya ce, "Ba komi, ƙanwata. Allah shi bayyana." Ya cire hannunta daga rigarsa a hankali, ya riƙe shi kaɗan, sannan ya tafi.

A gidan Gwaggo Inna ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba ranar addu'a. Gwaggo ta hana ni shiga. Na zauna a tsakar gida ina jin ta, na ɗauka ƙarshen abin ke nan. A mota muna dawowa, idonta a kumbure, ta ce da ni, "Ba Rabah shike ba."

Sai da aka cire albasa aka fara ɗaure ta a rumbuna dangin matar Yaya suka dawo, wannan karon da kawunta, dattijo mai magana ɗaya. Baba ya ce sun yi haƙuri iyakar haƙuri, yarinya za ta bi su. Ya shigo ya gaya wa Inna da kansa. Ta ce ta ji. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Da safe muka fitar da kaya. Matar Yaya ta durƙusa bakin labulen ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta ce, "Inna, za ni tahi. Ki yahe mani." Ta daɗe a durƙushe, sai da Sista, wadda ta shigo taya mu ɗaure kwanoni, ta ɗaga ta. Muka fita ƙofar gida inda motar take. An gama lodi, ta hau ta zauna da 'yarta a cinya tana sharar hawaye da bakin mayafi, direba ya tayar da mota.

Sai ga Inna ta fito, ba takalmi. Tana riƙe da ƙwaryar da ta saba dama wa Yaya fura. Ta zo jikin motar ta miƙa wa matar Yaya, ta shafa kan jikarta.

Ta ce, "Tahi, ɗiyata. In miji ya hito, ki yi aurenki, kada ki jira. In yaron ga ya dawo, ni za ni ce mai ni nas sallame ki. Laihin bisa kaina shike, ba bisa naki ba."

Matar Yaya ta fashe da kuka. Kawunta ya sunkuyar da kai. Motar ta tashi, Inna ta koma ciki tun motar ba ta sha kwana ba.

Bayan shekara matar Yaya ta yi aure a Wurno, Inna ta aika mata da turmin atamfa amma ba ta je ba. An yi wa su Sista canjin wurin aiki ba da daɗewa ba, Baba ya sa aka toshe 'yar ƙofar da laka saboda waɗanda suka shiga gidan gwagware ne. Zuwa kasuwar Inna ya ragu da ƙafafunta suka gaza. Ta rayu shekaru bayan haka, ta ga aurena, ta goyi 'ya'yana. Idan aka ambaci Yaya a gabanta aka ce Allah ya jiƙan shi, takan bari a gama shafa addu'a, sannan ta ce, "Allah shi tsare shi inda shike." Baba yakan ce amin ga duka biyun.